BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: Shirin Iyalin Soja Domin Doguwar Rabuwa

Karatu: Littafin Ƙidaya 32:16-27, Joshuwa 22:1-9, 1 Sama'ila 30:21-25

Muna gaishe ku da kuke cikin Jalingo, daga Sabon Gari zuwa Magami, daga Mayo Gwoi zuwa Kona. Muna gaishe ku mutanen Zing da Lau da Karim Lamido, da na Wukari da Takum da Bali, har zuwa Serti da kan dutsen Mambila. Ko Mumuye kuke yi a gida, ko Jukun, ko Kuteb, ko Wurkun, ko Jenjo, ko Camba, Hausa ta haɗa mu a wannan sa'a, Maganar Allah kuwa ta kowa ce. A ɗauko Littafi Mai Tsarki, a kira yara su zauna.

Yau maganarmu a kan gidan soja ce. Kada wani ya ce, "Ai ni ba soja ba ne." Da wuya a sami ikilisiya a ƙasarmu wadda ba ta da ɗa, ko suruki, ko maƙwabci cikin kaki. Kakanninmu na ƙasar nan sun je Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sojojin Nijeriya sun je Kongo a 1960, sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, sun tafi Laberiya a 1990, daga baya Saliyo, sa'an nan Darfur tun daga 2004, da Mali a 2013. Tun 2009 kuma rikicin Boko Haram yake ɗibar 'ya'yanmu zuwa Borno da Yobe. A nan jiharmu akwai Birged ta 6 a Jalingo, da Bataliya ta 93 a Takum, da Bataliya ta 20 a Serti. Kowace ranar 15 ga Janairu ƙasa takan tuna da sojojin da suka rasu. Amma akwai wani kaya da ba a yi masa fareti: kayan matar da aka bari da yara huɗu a ɗaki ɗaya, da na tsohuwar da take barci da waya a ƙarƙashin matashin kai. Abin da za mu faɗa ya shafi 'yan sanda da ake turawa nesa, ya kuma shafi gidan da matar ce soja, mijin ne ya zauna da yara.

ALLAH BAI MANTA DA GIDAN SOJA BA

A cikin Maimaitawar Shari'a 24:5, Ubangiji ya ba da doka cewa sabon ango ba zai tafi yaƙi ba sai ya yi shekara guda a gida yana faranta zuciyar matarsa. A sura 20 kuma, kafin a shiga dāga, shugabanni sukan tambaya ko akwai wanda ya gina sabon gida bai shiga ba, ko ya dasa gonar inabi bai ci amfaninta ba, ko yana tashin yarinya bai aure ta ba tukuna. Irin wannan mutum sai a sallame shi ya koma. Sojan Nijeriya ba ya ƙarƙashin wannan doka ta Isra'ila, in sigina ta fito dole ya tafi. Amma dokar ta nuna mana zuciyar Allah. Wanda ya ƙidaya mayaƙa ya ƙidaya matansu da 'ya'yansu.

Yanzu mu duba Littafin Ƙidaya sura 32. Kabilar Ra'ubainu da ta Gad suna da dabbobi da yawa, sun ga ƙasa mai kyau a gabashin Urdun, suka roƙi Musa ya ba su. Suka yi alkawari za su haye kogi su yi yaƙi tare da 'yan'uwansu, ba za su koma gida ba sai kowa ya sami gādonsa. Amma kafin su tafi sai sun yi gini. Ku lura da kyau. A aya 16 sun fara ambaton garken dabbobinsu, sa'an nan biranen 'ya'yansu. Da Musa ya amsa musu a aya 24, sai ya juya maganar: ya sa biranen yara a gaba, garken tumaki a baya. Bawan Allah ya gyara musu lissafi. Iyali ne farko.

Joshuwa 4:13 ya ce wajen mutum 40,000 ne suka haye. In muka bi lissafin shekarun Kalibu a Joshuwa sura 14, yaƙin ya ɗauki kusan shekara bakwai. Babu waya, babu mota. Abin da ya riƙe gidajensu shi ne garun da suka gina tun kafin su tafi, da Allah wanda yake tsaron garun. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. To, ɗan'uwa soja, waɗanne garu ne za ka gina?

GARU NA FARI: TAKARDU

Yawancin samarinmu sukan shiga aikin soja a Zariya tun ba su yi aure ba. Ranar da aka ce su rubuta sunan magaji, sai su rubuta Baba, ko wa, ko ƙane. Shekaru su wuce, a yi aure, a haifi yara, takarda tana nan yadda take. Sunan da yake kan takardar nan shi hukuma za ta nema in wani abu ya faru, ta hannunsa kuma ake bin haƙƙoƙi. Mun sha ganin gwauruwa tana kuka biyu, kukan miji da kukan abin da za ta ba yara, domin kawai ba a sake suna a kan takarda ɗaya ba. Ɗan'uwa, ka je ofishin bataliyarka ka duba abin da ka rubuta. In yana bukatar gyara, ka gyara makon nan.

In ba ka gama biyan sadaki ba, ko aurenku ba shi da takardar shaida, ka gama wannan magana kafin ka hau mota. Ku tara takardar aure, takardun haihuwar yara, lambar shaidar ɗan ƙasa, lambarka ta aiki da sunan bataliyarka, takardar fili ko ta gona, ku sa su cikin jaka ɗaya wadda ruwa da gara ba za su taɓa ba. Matarka ta san inda jakar take. A yi kwafi a ajiye wurin wani amintacce.

Mun sani a gargajiyarmu ba a son irin wannan magana. Wata za ta ce, "Maigida, kada ka kira mana mugun abu." 'Yar'uwa, ki buɗe Ishaya sura 38. Annabi ya faɗa wa sarki Hezekiya ya kintsa gidansa. Hezekiya ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ƙara masa shekara 15. Kintsa gida ba ya rage wa mutum kwana ɗaya. Ubangijinmu kansa, yana kan gicciye cikin azaba, ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna. In Yesu ya shirya wa mahaifiyarsa wurin zama, wane ne mu da za mu ce shiri rashin bangaskiya ne?

GARU NA BIYU: KUƊI

Albashi yana shiga banki, katin cire kuɗi kuma yana aljihun maigida a cikin daji inda babu sabis. Ko kuwa an bar katin a hannun ƙanen miji, matar sai ta je ta yi roƙo kafin ta sayi mudun masara. Wannan bai dace ba. Manzo Bulus ya gargaɗe mu a 1 Timoti 5:8 cewa maibin da ba ya kula da mutanen gidansa ya yi musun bangaskiyarsa.

Ku zauna ku biyu da biro da takarda. Nawa ne na abinci? Nawa ne kuɗin makaranta, wane wata kuma ake biya? Nawa ne na haya, in ba a bariki kuke ba? Nawa za a riƙa aika wa Baba da Mama a ƙauye? Nawa ne zakka da baiko? Nawa za a ajiye domin ciwo? Bayan haka, ka je banki ka ba da umarni a riƙa tura rabon gida cikin asusun matarka kowane wata, ko kana da sabis ko ba ka da shi.

Ka kuma faɗi gaskiyar bashin da yake kanka. In akwai rancen da ake cirewa daga albashi, ta sani. In mai shago a kasuwar mami yana binka, ta ji daga bakinka kafin ta ji daga bakinsa. Ke kuma 'yar'uwa, macen kirki ta Karin Magana sura 31 tana da sana'a a hannu. Ko ƙosai ne, ko kunu, ko ɗinki, ko 'yar gonar gyaɗa, ko sarin doya daga Zing, ki riƙe. Ki shiga adashi da matan da kika amince da su. Wata rana albashi zai yi jinkiri, sana'ar nan ce za ta rufa asiri.

GARU NA UKU: DANGI

A nan ne gidaje da yawa suke tsagewa. Maigida ya tafi, sai kowa ya zama maigida. Uwar miji ta ce a kawo yara ƙauye. Wan miji ya ce a ba shi babur ya riƙa aiki da shi. Matar in ta yi magana, a ce ba ta da kunya, "ai mu muka aure ki."

Ɗan'uwa, kai ne za ka kashe wannan wuta tun ba ta kama ba. Ka tara iyayenka da 'yan'uwanka da matarka, in ya yiwu da dattijon ikilisiya ɗaya, ka faɗa da bakinka cikin ladabi: ga wadda na bar wa gidana, ga abin da zai riƙa zuwa wa Baba da Mama, ga wanda za a nema in wata babbar magana ta taso. Abin da aka faɗa a gaban kowa, da wuya a juya shi a bayan ido.

Baba, Mama, muna roƙonku da girmamawa. Ɗanku ne, kun sha wahalarsa, Allah ya umarce shi ya girmama ku. Amma Farawa 2:24 ya mai da shi da matarsa jiki ɗaya. In kun ƙuntata mata, shi kuka ƙuntata wa, shi kuwa yana wurin da hankalinsa bai kamata ya rabu biyu ba. Ku ɗauki halin Yesse a 1 Sama'ila sura 17. 'Ya'yansa uku suna bakin dāga, sai ya aiki Dawuda da soyayyen hatsi da malmalar abinci goma, da cuku goma domin shugabansu, ya ce a dubo lafiyarsu. Tsohon nan aikawa ya yi. Ke ma suruka, ki riƙa gaishe su, ki kai musu jikoki in an yi hutu. Zumunta a ƙafa take.

GARU NA HUƊU: YARA DA BAGADIN IYALI

Kada ka sulale da asuba yara suna barci don gudun kukansu. Yaron da ya farka ya ga babu Baba, babu sallama, yakan yi zaton shi ne ya yi laifi. Ka zaunar da su, ka faɗa musu daidai hankalinsu: aiki ne ya kira ni, zan daɗe, ina ƙaunarku, Mama ce take riƙe da gida. Kada ka ce, "Zan dawo Kirsimati," alhali ba kai kake ba da fas ba. Ka ce, "Zan zo ranar da aka ba ni izini." Ka ɗora hannu a kan kowannensu, ka kira sunansa, ka sa masa albarka.

Ku zaɓi Zabura ɗaya, misali ta 121, ku kuma zaɓi sa'a ɗaya. In lokacin ya yi, Mama da yara su karanta a gida, Baba kuma ya tuna da ita duk inda yake, ko yana bakin aiki ne. Tsakanin Jalingo da bakin Tafkin Cadi akwai nisa, amma kursiyin alheri ɗaya ne.

Mama, kada ki mai da Baba dodo, kina cewa, "Bari babanka ya dawo ka gani." Ki yi horo yau a kan laifin yau. Kada kuma ki ɗora wa ɗan fari kayan da ya fi ƙarfinsa. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya ɗebo ruwa, amma ba shi ne zai ɗauki damuwar zuciyarki ba.

KWANAKIN JIRA

Waya albarka ce, amma takan zama bulala. A watan Mayu na 2013 an rufe layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa saboda aikin soja. An yi haka a Zamfara a watan Satumba na 2021. Ko ba a rufe ba, akwai dazuzzukan da babu sabis sam. Saboda haka ku yi yarjejeniya tun yanzu: shiru ba mutuwa ba ne, shiru kuma ba ƙiyayya ba ce.

In ya kira, 'yar'uwa, kada ki matsa masa ya faɗi inda suke ko inda za su. Kada ki sa hotonsa da kaki ko labarin tafiyarsu a Facebook ko WhatsApp, gama ba masoya kaɗai suke karantawa ba. In kin ga labarin hari yana yawo a waya, kada ki tura wa kowa, kada kuma ki fara makoki. Ki tambayi waɗanda aka bari a bariki su kula da iyalai, ko Magajiya, ko faston bariki. Ki karɓi lambobinsu tun kafin maigida ya tafi. Ki yi hankali da 'yan damfara masu kira su ce an harbi mijinki, a turo kuɗin magani maza-maza. Kada ki tura ko sisi, kada ki ba kowa lambar sirri ta banki, sai kin tabbatar daga bataliyarsa.

Kai kuma soja, in ka sami minti biyar na waya, kada ka ƙarar da su a kan bincike: "Ina kika je jiya? Wa na ji yana magana?" Ka tambayi lafiyarta. Ka gode mata. Ka yi magana da yara. Ku rufe da addu'a ko ta numfashi ɗaya ce.

Yanzu bari mu faɗi magana mai nauyi. A 2 Sama'ila sura 11, Uriya Bahitte yana bakin dāga yana yi wa sarki yaƙi. Wanda ya rushe gidansa ba abokin gaba ba ne. Dawuda ne, wanda ya zauna a gida, mai iko, mai rera waƙoƙin yabo. Sura ta ƙare da cewa abin ya ɓata wa Ubangiji rai. Daga baya kuma takobi bai rabu da gidan Dawuda ba. Kai maƙwabci, kai mai gidan haya, kai babba a wurin aiki, kai ma'aikacin ikilisiya: matar soja amana ce. Wanda ya shiga gidanta da sunan taimako alhali zuciyarsa tana wani wuri, Allahn Uriya yana ganinsa. Fasto ko dattijo kada ya je ziyara shi kaɗai. Ya tafi da matarsa ko da 'yan Zumuntar Mata. 'Yar'uwa, ki lura da kyautar da ake ba ki a ɓoye. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ɗan'uwa soja, alkawarin da ka yi a gaban bagadi bai tsaya a iyakar Taraba ba. Kaɗaici da tsoro sukan tura mutum ga giya, da ƙwayoyi, da matan da ba nasa ba. Waɗansu sun kafa gida na biyu a inda aka tura su, waɗansu sun kawo wa matansu cuta. Ka nemi ɗan'uwa ɗaya maibi a cikin rundunarku wanda za ku riƙa tsare juna. Ka tuna kuma da abin da Yahaya Maibaftisma ya faɗa wa sojoji a Luka 3:14: kada su ƙwace na kowa, kada su yi ƙage, albashinsu ya ishe su. Kuɗin da aka murɗe daga hannun talaka a shingen hanya ba ya gina gida. Karniliyas soja ne, jarumi a rundunar Roma, duk da haka Ayyukan Manzanni sura 10 ta shaide shi da tsoron Allah shi da dukan gidansa. Ana iya sa kaki a kuma bi Yesu.

AIKIN IKILISIYA

A 1 Sama'ila sura 30, Dawuda yana da mutum 600. Mutum 200 suka gaji, suka tsaya a rafin Besor wurin kaya, 400 suka bi abokan gaba. Da aka dawo da ganima, waɗansu suka ce kada a ba waɗanda suka tsaya. Dawuda ya ƙi. Ya kafa doka cewa rabon wanda ya tsare kaya daidai yake da na wanda ya shiga yaƙi. Matar da ta tsare gida, ta biya kuɗin makaranta, ta kwana a asibiti da yaro mai zazzaɓi ita kaɗai, ita ma tana bakin aiki. Ta cancanci girma.

To, me ikilisiya za ta yi? Ta rubuta sunayen 'ya'yanta da suke bakin dāga, a riƙa kiransu cikin addu'a ranar Lahadi, ba tare da faɗin inda suke ba. Kafin mutum ya tafi, a kira shi da iyalinsa gaba a yi musu addu'a. Zumuntar Mata ta raba gidajen a tsakaninta, kowane gida ya sami mai leƙa shi kowane mako. Matasa su ɗauki fartanya su yi gayya a gonar matar soja da damina, su gyara rufin da iska ta kware. Malaman makarantar Lahadi su sa ido a kan yaron da ya yi shiru ko ya fara faɗa. A bariki kuwa, maƙwabciyarki tana iya zama Musulma, mijinta da naki suna rami ɗaya. In kin dafa, ki zuba mata. In ɗanta ba shi da lafiya, ki raka ta asibiti. Yakubu 2:15-16 ya tambaye mu amfanin sallamar mayunwaci da fatan alheri hannu wofi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

RANAR DAWOWA

Kowa yana jiran ranar nan, amma kaɗan ne suke shirya mata. Mutumin da ya tafi ba daidai yake da wanda ya dawo ba, gidan da ya bari ma ya sake. Matar ta saba yanke shawara ita kaɗai. Jaririn da aka bari a goye yanzu yana gudu, yana ɓuya in ya ga baƙon mutum. Ɗan'uwa, kada ka ji haushi. Kada ka shigo da umarni kamar filin fareti. Ka zauna ka ga yadda ake tafiyar da gidan, ka yaba kafin ka gyara.

A Littafin Ƙidaya 31:19, mayaƙan da suka dawo sun zauna kwana bakwai a bayan zango kafin su shiga. Dokar tsarkakewa ce, amma tana koya mana cewa mai fitowa daga yaƙi yana bukatar lokaci. 'Yan'uwa, kada ku cika gidan da baƙi da roƙo tun ranar fari. Kada ku tambaye shi mutum nawa ya kashe. Da Iliya ya faɗi a ƙarƙashin itace ya gaji da rai, a 1 Sarakuna sura 19, Allah ya fara ba shi abinci da barci, daga baya ya yi magana da shi.

In kun ga ba ya barci, yana firgita da mafarki, ƙarar ƙofa ko ta abin wasan wuta na Kirsimati tana sa shi zabura, yana fushi a kan ƙaramin abu, yana guje wa mutane, ko ya dulmuya cikin sha, kada ku yi saurin cewa an yi masa sammu ko ya ja da baya. Rauni ne na zuciya da ƙwaƙwalwa wanda abin da ido ya gani yake jawowa, likitoci sun san shi, yana kuma da magani. A yi addu'a, a kuma je asibiti. A fara da asibitin bariki ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da take nan Jalingo. Akwai asibitin soja na 44 a Kaduna, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri. In ya fara dūka, ko yana maganar kashe kansa, 'yar'uwa, wannan ba abin rufewa ba ne. Ki kai yara wurin da babu haɗari, ki sanar da faston bariki da shugabanninsa a ranar. Yin haka ceton ransa ne. Yana da kyau kuma ku biyu ku je gwajin jini tare, cikin ƙauna, ba da zargi ba.

Masu tsegumi za su zo da labari: "Da ba ka nan mun ga kaza." Ka karanta ƙarshen Joshuwa sura 22. Da mayaƙan gabashin Urdun suka koma, sun gina babban bagade a bakin kogi. 'Yan'uwansu suka ji, suka ɗauka tawaye ne, har suka yi shirin yaƙi. Amma suka fara aiken Finehas da shugabanni goma su tambaya. Ashe bagaden shaida ne kawai. Tambaya ta hana zub da jini. Ka tambayi matarka cikin natsuwa kafin ka gaskata bakin waje.

GA WAƊANDA NASU BA SU DAWO BA

Mun sani akwai mai saurare yanzu wadda aka kawo mata jaka da takalma maimakon miji. Akwai kuma wadda har yau ba a ce mata yana da rai ko ya mutu ba. 'Yar'uwa, ba mu da kalmar da za ta cika wurin da ya bari. Amma Zabura 68:5 ta nuna mana Allah a matsayin uban marayu da mai tsaya wa gwauraye. Ki yi kukanki, Yesu ma ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Ikilisiya kuma ta tashi: a sami dattijo mai ilimi ya raka ta bin haƙƙin mijinta, a tambaya game da taimakon karatu da rundunar soja take ba 'ya'yan waɗanda suka rasu a bakin aiki, a taimake ta neman wurin zama tun kafin lokacin barin ɗakin bariki ya yi. Dangin miji, ku ji tsoron Allah a kan kayan marayu.

SHIRI MAFI GIRMA

Ƙaunatattu, soja ya san ana iya kiransa kowane lokaci, shi ya sa jakarsa take a ɗaure. Mu fa? Manomi da ɗan kasuwa da malami, dukanmu akwai kiran da ba za mu iya ƙi ba. Romawa 8:38-39 ta tabbatar mana cewa mutuwa da rai, da abin da yake yanzu da abin da zai zo, ba su da ikon raba mu da ƙaunar Allah da take cikin Almasihu Yesu. Wannan alkawari na waɗanda suka ba da ransu gare shi ne. In ba ka yi haka ba tukuna, ko kana cikin bariki ko kana ƙauye, ka tuba yau, ka karɓe shi. Sa'an nan ka tashi ka gyara takardunka, ka zauna da matarka, ka sa wa 'ya'yanka albarka.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, muna kawo maka 'ya'yanmu maza da mata da suke bakin dāga. Ka tsare su daga harsashi da nakiya, ka tsare zukatansu daga mugunta. Ka ƙarfafa matan da suke riƙe da gida, ka biya bukatunsu, ka zama uba ga yaransu. Ka warkar da waɗanda suka dawo da rauni na jiki da na zuciya. Ka ta'azantar da gwauraye da marayu. Ka ba shugabanninmu hikima, ka ba ƙasarmu salama, domin kowa ya koma gidansa. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

TAMBAYOYI DOMIN SUJADAR IYALI

1. Me ya sa Musa ya sa biranen yara gaba da garken tumaki?
2. Cikin garu huɗun nan, wanne ne bai ginu ba tukuna a gidanmu?
3. Wane gidan soja ne yake kusa da mu, me kuma za mu kai musu makon nan?

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.